Hutun Haihuwa Ba Alfarma Ba Ne

A watan Disamba na 1989, lokacin da mulkin Chaushesku ya rushe a ƙasar Romaniya, duniya ta ga abin da ya girgiza ta. An tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayu na gwamnati, alhali kuwa yawancinsu iyayensu na raye. Dokar 1966 da ta hana zubar da ciki, haɗe da talauci, ita ta cika gidajen. Ma'aikaciya ɗaya na kula da jarirai da yawa, ba mai goyo, ba mai rarrashi. Masu ziyara sun yi mamakin shirun ɗakunan, domin jariri in ya yi ta kuka ba wanda ya zo, daga baya sai ya daina.

Iyalai a Ingila sun ɗauki wasu daga cikin yaran nan suka riƙe. Farfesa Michael Rutter da abokan aikinsa suka bi rayuwarsu har suka girma. Sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 2017 ya nuna cewa waɗanda ba su kai wata 6 a gidajen ba sun tashi kusan daidai da sauran yara. Amma waɗanda suka haura wata 6, da yawansu sun yi fama da rashin natsuwa, da sakin jiki da kowane baƙo ba tare da tsoro ba, sa'an nan da damuwar zuciya da rashin aikin yi bayan sun balaga, duk da gatan da suka samu daga baya.

Dalili kuwa a fili yake. Jariri ba ya iya kwantar wa kansa da hankali. Sai ya yi kuka an ɗauke shi sau ɗari bisa ɗari kafin ya koyi cewa tsoro na wucewa, mutane kuma abin amincewa ne. Ba lalle sai mahaifiya ba. Kakar da ta karɓi ɗan fari saboda kunya ta wadatar, muddin fuska ɗaya ce kullum. Abin da ke cutarwa shi ne sauya hannu, yau wannan 'yar aiki, gobe waccan.

To, a nan ne maganar ta shafi ma'aikatan gwamnati. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai jego mako 12 ne kawai, watau ƙasa da wata 3. Jihar Legas ta ƙara wa ma'aikatanta zuwa wata 6 a 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince wa maza da kwana 14 a 2021. Ya kamata sauran jihohi su yi koyi, kuma a gyara dokar ta haɗa da kamfanoni. Shugabannin ofisoshi da ke yi wa mai jego gorin hutu su tuna cewa likitoci wata 6 suka ce a shayar da jariri nono zalla, kuma ba a shayarwa daga kan tebur.