Ƙarar inji daban, ƙarfin inji daban

Ɗan'uwa matashi, in kana da mota, ko kana jan ta wani kana kai balas, ko babur ne ma kake nema da shi tsakanin Tashar Yari da Makarfi, to yau da kai nake. Akwai wani yayi da ya shigo mana, kuma na lura samari ne suka fi rungumarsa. A buɗe bonet, a cire akwatin filtar iska da mota ta zo da shi, wato abin da makanikai ke kira iyakilina, a ɗaura wata filta ja ko shuɗiya mai siffar mazurari, tsirara ba murfi. Da ka taka totur sai motar ta yi gurnani, 'yan majalisa su juyo, kai kuma ka ji a jikinka cewa ta ƙara wuta. Mai sayarwa ya riga ya gaya maka za ta ƙara gudu, ta rage shan mai, kuma ba ka sake sayen filta har abada, wanki kawai za ka riƙa yi.

Ni dai ra'ayina a nan ɗaya ne: a ƙasarmu mai ƙura, wannan ciniki ƙara kake saye da lafiyar injinka. Bari in faɗa maka dalili, sai ka auna da kanka.

Inji iska ya fi sha, ba fetur ba. Kafin fetur kilo 1 ya ƙone daidai, yana buƙatar iska kilo 14.7. In ka juya lissafin zuwa lita, duk litar fetur ɗaya da ka ƙona, injinka ya zuƙi iska wajen lita 9,000. To wace irin iska ce wannan? Ita ce dai wadda ke kan hanyar Makarfi zuwa Gubuchi lokacin da ake ɗibar rake, da ta hanyoyin Paki da Saulawa da Kurmin Kogi a rani, da ta bayan tirela a titin Zariya zuwa Kano. Ka ƙara da hunturu, wanda daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Kai da kanka kana ɗaura ƙyalle a hanci a wannan lokaci. Filta ita ce ƙyallen inji.

Kada ka raina ƙurar nan don ka ga tana da laushi a hannu. A cikinta akwai garin yashi, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya wuce filta, tsakanin ringi da bangon silinda yake sauka, ya haɗu da baƙin mai, ya riƙa goge ƙarfe kamar sanfefa, fistin na hawa yana sauka sau dubbai a minti ɗaya. Ba ranar farko za ka gani ba, ba kuma wata na farko ba. Sannu a hankali za ka ga baƙin mai na raguwa, salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, fulogi na yin baƙi, mota na nishi a hawa. Lokacin da ka ankara, maganar saukar da inji ake yi.

Na ga wannan da idona. Wani abokina mai jigilar fasinja daga Hunkuyi zuwa Zariya da Corolla ya ɗaura irin wannan filta farkon wani rani. Kafin ruwa ya sauka ya fara ciko da baƙin mai duk mako. Da aka kwance bututun da ke bayan filtar, makanike ya zura yatsa ya fito da shi jawur da ƙasa. Wurin da ya kamata a ce tas yake kamar cikin kofi. Motar ba tasa ba ce, kuma mai ita bai san an taɓa komai a cikin bonet ba. Kai dai ka ƙiyasta yadda zaman ya kasance.

Na san abin da za ka ce: ai ni na ji ta ƙara ƙarfi. To mu duba. Lokacin da kake tafiyarka ta yau da kullum, ba filta ce ke taƙaita iskar da ke shiga inji ba, totur ne. Wata 'yar ƙofa ce ƙafarka ke buɗewa kaɗan-kaɗan, kuma a yawancin tuƙi ko rabi ba ta kai wa. Ko ka cire filta gaba ɗaya, iskar da ƙofar nan ta bari ita kaɗai za ta shiga. Sai ka take totur har ƙasa, inji ya kai ƙarshen juyawarsa, sannan filta mai sakin iska za ta iya nuna wani bambanci, shi ma ɗan kaɗan ne a motar da ba a sauya mata komai ba. Yanzu tsakaninka da Allah, sau nawa kake irin wannan tuƙi da fasinja shida da buhun barkono a but? Abin da ya sauya da gaske shi ne sauti, don akwatin da ka cire an yi shi ne har da rage ƙarar zuƙar iska. Kunne ya ji gurnani, zuciya ta ce ƙarfi ne.

Akwai ma inda za ka yi asara. Akwatin kamfani yana da bututu da ke jawo iska daga gaban mota, inda take da ɗan sanyi. Filtar mazurari kuwa a cikin bonet take zaune, kusa da inji da lagireto, tana zuƙar iska mai zafi. Iska in ta yi zafi sai ta yi shara-shara: duk ƙarin digiri 10, nauyinta na raguwa da kusan kashi 3 cikin ɗari. Ka tuna zafin Afrilu a Ikara, sannan ka tuna yadda cikin bonet yake bayan tafiyar awa ɗaya. Abin da ka samu ta ƙofa ya fice ta taga.

Sai maganar shan mai, wadda ita ce ta fi jan hankalin kowa tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur. Motocin injakta suna da kwamfuta da ke auna iskar da ta shigo, ta ba da fetur daidai da ita. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru; iska ta ragu, fetur ya ragu. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da filtar da ta toshe. Abin da ta gano shi ne, a motocin injakta toshewar ba ta sauya shan mai wani abin a zo a gani ba, sai dai ta rage wa mota kuzarin tashi. Tsohuwar mota mai kafireta ce kawai shan manta ya ƙaru. To in filtar da ta toshe ma ba ta ƙara wa motar injakta shan mai ba, ta yaya sabuwa mai sakin iska za ta rage shi? Hasali ma wanda ke jin daɗin gurnani ya fi yawan take totur, mai kuwa a nan yake tafiya.

Don a yi adalci, ba duk filtar da ba ta kamfanin mota ba ce ta banza. Kamfanin K&N na Kalifoniya, wanda aka kafa a 1969, shi ya yi suna da filtar auduga da ake shafa wa mai, kuma 'yan tseren babura da motoci sun daɗe suna amfani da ita. Amma ɗan tsere kwance injinsa yake yi akai-akai, kuma irin wannan filta man da ke jikinta ne ke kama ƙura. Tana da sabulunta, tana da manta na musamman, tana da ƙa'idar shafawa. In man ya yi kaɗan, ƙura ta wuce. In ya yi yawa, yana iya ɓata na'urar auna iska da ke cikin bututu a motoci irin su Corolla, mota ta fara shaƙewa tana kunna fitilar inji. Mu kuwa da fetur ko omo ake wankewa, a shanya, a mayar a bushe. Sannan da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa kwaikwayo ne, launi kawai suka ɗauko. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. In kana hango haske ta ƙananan ramuka, to ƙura ma ta hango.

Kuma kada mai filtar takarda ya ce shi ya tsira. Akwai ta jabu mai araha, takardarta siririya, ninkinta kaɗan, robar bakinta ba ta zama daidai a akwati. Ƙura ba ta buƙatar ratsa takarda in ta samu hanya ta gefe. Akwai kuma al'adarmu ta kai filta wurin mai faci ya hure ta da iskar kwamfaresa. Iska mai ƙarfi tana yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Ta fito fes, amma ta zama rariya. Masu babur da Keke Napep da ke cire soson iyakilina wai don inji ya numfasa, da masu injin ban-ruwa a fadamun Kudan da ke barinsa baki buɗe, duk jirgi ɗaya ya kwaso ku.

To me za ka yi? Ka bar akwatin da mota ta zo da shi, in an cire ka nemo ka mayar. In za ka sayi filta, ko a Sabon Garin Zariya ne, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohuwar a hannu ka gwada: tsawo, yawan ninki, kaurin takarda, laushin robar baki. Ka duba ta duk lokacin da za ka juye baƙin mai, a hunturu ma ka fi haka. In ƙura ce sama-sama, ka bubbuga ta a hankali. In ta yi duhu har cikin ninki, ka canza. Adadin kilomitar da ke cikin littafin mota na masu kwalta ne, littafin da kansa yana cewa a gaggauta canji in ana bin hanya mai ƙura. Sannan ka zura yatsa cikin bututun bayan filta. Yatsanka ya fito tas, alhamdulillahi. Ya fito da ƙasa, akwai inda ke yoyo, ka nemo shi yau.

Na san son a gan ka da abu mai kyau ba laifi ba ne, duk mun bi ta nan. In kwalliya kake so, ga fenti, ga kujeru, ga tayoyi masu kyau waɗanda su har rai suke karewa. Amma motar nan ita ce jarinka, ko amanar wani a hannunka, kuma kuɗin saukar da inji ya ninka na filta mai kyau sau da yawa. Kada garin neman gira a rasa ido. Gobe da safe kafin ka yi lodi, buɗe bonet ka duba.