Uwa, kin duba tankin babur kafin a ɗora yaronki?



Kwanakin baya aka kawo mana wani yaro ɗan shekara huɗu daga wani ƙauye a yankin Kebbe, cinyoyinsa duka biyu sun ƙone. Babansa ne ya ɗora shi a gaba, kan tankin tsohon babur ɗinsa, kamar yadda aka saba. Tankin ya daɗe yana yoyo, an liƙe shi da sabulu da gam. Fetur ya jiƙa wandon yaron tun a hanya. Suna isa gida ya ruga wurin mahaifiyarsa, ita kuwa tana gaban murhu.

Tankin da ba shi da ƙwari tsohuwar matsala ce. A Ingila an taɓa yayin tankin faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, har kamfanin Norton ya sa shi a wasu baburansa. Idan babur ya faɗi, ƙarfe lotsewa yake yi, faiba kuwa sai ya tsage, fetur ya malale kan inji mai zafi. A 1973 hukuma ta wajabta tankin ƙarfe ga sababbin babura. To idan faiban kamfani bai tsira ba, ina ga liƙin sabulu a gargadar hanyar Kebbe zuwa Tambuwal?

Don haka kafin yaro ya hau babur, na maigida ne ko na ɗan kabu-kabu, ki sunsuna, ki shafa gefen tankin. In kin ji danshi ko warin fetur mai ƙarfi, a nemi wani. Ki lallaɓa maigida ya canza tankin, ya fi kuɗin jinya sauƙi. Idan fetur ya taɓa tufafin yaro, a cire su nan take, a wanke jikinsa da sabulu, nesa da wuta.

In tsautsayi ya faru, ki yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin ƙunar har minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. Ki rufe da tsabtataccen ƙyalle, sai asibiti.

Yaron nan yana samun sauƙi, amma tabon zai daɗe. Allah Ya tsare mana zuri'a.