Akuyar Inna Ba Ta Da Gata

Cikin kwana goma sha ɗaya Inna ta rasa awaki bakwai daga cikin tara. Ina gida aka yi, ba labari aka ba ni ba. Abin ya fara ne da jar akuyarta mai haihuwar tagwaye, wadda wata safiya ta ƙi kallon dusa, ta je gindin rumbu ta tsaya kai a sunkuye, gashi a tashe. Washegari majina ta toshe mata hanci, kwantsa ta liƙe idanun, dasashi da leɓe suka yi miki har bakin yana ɗoyi. A rana ta uku zawo ya ɓalle mata. In tana numfashi, daga zaure kana jin ƙirjinta. Kafin ta cika biyu sun kamu, kafin a fitar da waɗannan wasu huɗu sun kwanta. Biyu kaɗai aka samu sa wa wuƙa, su ma sun rame har naman ba ya ciyuwa.

Babu abin da tsohuwar nan ba ta yi ba. Ta jiƙa sassaƙen maɗaci ta ɗura musu da kwalba. Ta ba su ruwan kanwa. Ta riƙa wanke musu ido da hanci da ruwan ɗumi, tana shafa musu man shanu a baki don su iya tauna ko da ganyen harawa ne. Ta aiki yaro kemis ya sayo kafso, ta fasa a ruwa. Da tsakar dare sai in ga hasken tocila a turke, ita ce, tsugune cikin sanyin hunturu, tana ɗaga kan wannan tana gyara wa waccan kwanciya.

A kwana na tara wani ɗan ƙanenta da ya zo hutu daga makaranta ya tsaya a kanta, hannu a aljihu, ya ce, "Goggo, ai ku ma da laifinku. A wannan zamani wa yake ba dabba maɗaci? Jahilci ne kawai yake kashe muku dukiya." Ba ta ko ɗago ba. Cewa ta yi, "To ɗan nan, in kana da wanda ya fi shi, miƙo mini." Bai da shi. Ni ma da nake tsaye ba ni da shi. Tun daga ranar maganar yaron take ci mini rai, domin ba tasa ba ce shi kaɗai. Na sha jin irinta a bakin masu manyan takardu, a rediyo da wajen taro, duk lokacin da aka tashi bayanin dalilin da kiwon karkara ba ya ci gaba: wai mutanen ƙauye ba su waye ba, wai sun riƙe gargajiya. Ƙarya ce, kuma ƙaryar da ta yi wa masu laifi rana, don tana ɗauke kaya daga kansu ta ɗora a kan tsohuwa mai zane ɗaya.

Wanda bai tashi a ƙauye ba bai san mece ce akuya a gidan manomi ba. Hatsin rumbu na maigida ne, shi yake buɗewa, shi yake aunawa. Akuya da kaza kuwa na mace ne. Su ne asusunta. Da su take biyan kuɗin asibiti in yaro ya suma da zazzaɓi, da su take tara kwanuka da katifar 'yarta, da su take fita kunyar biki da suna. In damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, ɗan bunsurun da ta tura kasuwa shi yake dawowa gida a matsayin masara. Takin turken ma ba a zubarwa, shi ake kai wa gona da rani a mangala. Jar akuyar nan da ta fara mutuwa, irin ta Sakkwato da Maraɗi ce, wadda fatarta ta ƙetare Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majemai da 'yan kasuwa sun yi arziki da fatar. Mai kiwonta kuwa har yau a turke take kwana ita kaɗai in cuta ta zo.

Ba ina cewa maganin gida yana warkar da komai ba ne, kuma Inna ma ba ta taɓa cewa haka ba. Amma a daina yi masa kuɗin goro. Akuya ta ci ɗanyen haki na farkon damina ko ta afka wa ragowar tuwo cikinta ya kumbura, a ɗura mata man gyaɗa ko manja a hankali, ta yi gyatsa ta miƙe. Likitan dabbobi ma yana ba da mai a irin wannan. Toka tana rage wa kaji ƙwarƙwata. Ruwan gishiri yana wanke miki. Kanwa da ake ba su su lasa tana ƙara musu abin da ciyawa ba ta ba su. Maɗacin da yaron ya raina, har a jami'o'inmu an yi bincike a kan yadda yake taɓa tsutsar ciki. Matan nan sun san kada a bar akuya ta shiga gyauron dawa, sun san 'ya'yan gawo suna riƙe dabba da rani. Akwai kuma abin da ya kamata a bari, kuma zan faɗa ko ran wa zai ɓaci: shafa baƙin mai na inji a kan ƙazuwa, ɗura wa dabba kananzir, fesa mata fiya-fiya. Wannan guba ce, ba gadon kakanni ba ce, zamani ne ya kawo ta.

Amma abin da ya share turken Inna ba kumburi ba ne, ba tsutsa ba ce. Cuta ce da likitoci suke kira PPR, annobar awaki da tumaki, wadda aka fara ganewa a Kwaddebuwa a 1942. Ƙwayar bairos ce, tana bin numfashi da majina da zawo daga dabba zuwa dabba. In ta shiga garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kwashe tara cikin goma. Babu sassaƙen da yake kashe ta, babu kafson da yake kashe ta, babu allurar da take kashe ta bayan ta shiga. Abin da ake iya yi wa wadda ta kamu shi ne a taimaka mata da maganin da zai tare ciwon huhun da yake biyo baya, a ba ta ruwa, a jira ikon Allah. Hanya ɗaya ce tabbatacciya, rigakafi. Allura ɗaya ƙarƙashin fata tana kare akuya shekara uku ko fiye, wanda ga yawancin awakinmu kusan rayuwarsu ke nan.

Ga inda zuciyata take tafasa. Ƙwayar da aka raunana aka yi wannan rigakafin da ita, a jikin akuya aka samo ta a Najeriya a 1975, shi ya sa har yau sunan ƙasarmu take ɗauke da shi, kuma da ita ake yi wa awaki allura a ƙasashe da dama na Afirka da Gabas ta Tsakiya. Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, Jihar Filato, tun 1924, kuma tana yin wannan rigakafin. A 2015 ƙasashen duniya sun taru a Abijan sun ɗauki alkawarin kawar da cutar baki ɗaya zuwa 2030. Duk da wannan, a unguwarmu babu tsohuwar da za ta iya gaya maka ranar ƙarshe da ta ga mai allurar awaki. Akuyarmu ta ba duniya magani, ita kuma tana mutuwa a gindin rumbu da maɗaci a baki.

Kada wani ya ce mini ba zai yiwu ba. Dattawan Fulani suna nan da rai waɗanda suka ga bushiya, annobar shanu. Tun 1962 aka fara gagarumin gangamin yi wa shanu rigakafinta a ƙasashen Tafkin Chadi, ana bin mashekari da mashaya, ana yi wa kowace saniya shaida a kunne. Da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarnar da har yau ake ba da labarinta. Aka sake tashi tsaye, a 2011 aka sanar cewa babu bushiya a duniya. PPR 'yar'uwarta ce, gida ɗaya suka fito. Bambancin dai shi ne shanu na maza ne masu murya, awaki kuwa na mata ne da ke cikin gida, ba su da ƙungiya, ba sa zuwa taro, ba a jin kukansu sai a turke.

A kwana na huɗu na hau babur na je ofishin dabbobi da ya fi kusa da mu, tafiyar kusan awa ɗaya. Ƙofa ɗaya a kulle, ɗayar a buɗe. Na tarar da wani dattijon ma'aikaci, mutumin kirki, ya saurare ni har ƙarshe, tun ban gama ba ya gane cutar. Ya nuna mini firij a lungu, babu wuta babu komai a ciki. Ya ce, "Malam, wallahi ko ina da shi yanzu, ba ya amfani ga wadda ta riga ta kamu. Ku raba masu lafiya da marasa lafiya, ku hana su fita." Shawara ce ta gaskiya, ita ce ma ta tsirar da biyun da suka rage. Ban ga laifinsa ba. Laifin yana kan waɗanda suka zaunar da shi a ɗaki babu magani, babu abin hawa, babu wanda zai gaje shi in ya yi ritaya, alhali duk ranar kasuwa ana karɓar kuɗin shiga a kan kowace dabba da ta taka kara. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina kuɗin suke tafiya?

Inda hukuma ta bar fili, ɗan damfara ne yake shiga. Je kasuwar ƙauye ka ga mai tabarmar magani, kwalabe a baje cikin rana tun hantsi, wasu an kankare kwanan watan lalacewarsu. Duk abin da ka ce yana damun dabbarka, kwalba ɗaya zai miƙo maka. Sirinji ɗaya yake tsira wa akuya ashirin, ya ɗauki cutar wannan ya zuba wa waccan, a kuma biya shi. Matar da aka ce ta ƙi zamani, ga shi ta sayar da kaza ta sayi zamanin, an ba ta ruwan banza.

Mu ma maza ba mu fita ba. Cutar nan ba daga sama ta faɗo unguwarmu ba. Wani ne ya ga garkensa ya fara tari, ya yi sammako ya kai su kasuwa ya karyar, wani kuma ya ga araha ya sayo ɗan akuya don suna, ya sake shi cikin na mutane a lokacin da aka gama girbi, dabbobin gari duka suna yawo tare a gonaki. Wanda ya sayar ya san abin da yake yi. Ya tsirar da kuɗinsa ya zuba wa matan wani gari wuta, sannan ya tafi masallaci. Wannan zalunci ne, kuma ban taɓa jin liman ya hau mumbari a kansa ba. Mu masu saye kuma, ɗaure sabuwar dabba a gefe mako uku kafin a haɗa ta da saura ba ya cin ko sisi, amma ba ma yi.

Kaji kuwa ai an ma saba. Duk hunturu fakat sai ta zo: kaza ta yi kashi kore, ta saki fukafukai, wuya ya murɗe, da safe a kwashe su a kwando. Mata su daka barkono su zuba a ruwan sha, su yanka gautan kaji, wasu su sa kafso. Mun mayar da abin kamar ƙura da hazo, wani abu da yake zuwa da lokacinsa. Alhali akwai rigakafinta da ake ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya, ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu, irin da aka yi musamman don kajin ƙauye saboda yana jure zafi fiye da sauran. Yarinyar da ta gama firamare za ta iya koyon ɗiga shi cikin yini ɗaya.

Abin da ya hana Inna sayen rigakafi da kanta ba rowa ba ce. Kwalbar rigakafin awaki ta dabbobi masu yawa ce, hamsin ko ɗari, tana son sanyi tun daga inda aka yi ta, kuma in an haɗa ta da ruwa dole a ƙarar da ita cikin 'yan awoyi. Mai akuya tara ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. Aiki ne na gari: a sa rana, mai unguwa ya sa a yi shela, a fito da dabbobi ƙofar fada, ma'aikaci ya zo da akwatin ƙanƙara. Kuma mun san ana iya kai akwatin ƙanƙara kowane lungu, don mun gani da idonmu. Shekara da shekaru ma'aikatan foliyo suna shiga gida-gida da shi a kafaɗa, har rugar da mota ba ta zuwa, sai da aka ce Najeriya ta rabu da cutar a 2020. Hanyar da suka bi ba ta toshe ba.

A 2024 an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya. Tun daga lokacin maganar da ta fi yawa ita ce ta gandun kiwo, da madara, da shanun waje, da masu zuba jari. Ban ƙi ba. Amma ina so gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi su faɗa mana, da lamba, awaki da tumaki nawa aka yi wa allura a kowace mazaɓa bara, kuma a wane wata za a zo bana. A sa shi kafin girbi, kafin a saki dabbobi, ba bayan sun fara zuba ba. A ɗauki 'yan mata biyu a kowace unguwa a koya musu ɗiga wa kaji, tunda su ne za su iya shiga gidajen da namiji ba ya shiga. A kama mai sirinji ɗaya. A tsayar da ma'aikaci a bakin kara ya mayar da duk dabbar da take majina.

Makon jiya Inna ta sayar da tiya shida ta wake ta sayi 'yar burguma. Ta ɗaure ta bayan madafa, nesa da biyun nan, tana ƙirga kwanaki da tsinke. Da na je yi mata sallama ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Kai da kake shiga birni, ka tambayo mini yaushe masu allurar za su zo, in tanadi kuɗin." Har ta ƙulle wani abu a bakin zane saboda su.