Ra'ayinmu: Mai Goyo Da Karatun Likita

Akwai wata magana da ke yawan tasowa a gidajen 'yan'uwanmu mazauna Ikko, Badun, Anacha da Fatakwal, duk sa'ad da yarinya ta gama sakandare da sakamako mai kyau a fannin kimiyya. Ita dai burinta karatun likita, ga shi kuwa miji ya fito. Sai manya su yanke shawara a yi aure tukuna, ta haihu, ta yi reno, in yara sun tasa ta koma makaranta. A ganinmu wannan shawara ba ta da aibi. Inda aibin yake shi ne, galibi da baki kawai ake furta ta, ba wanda ke zama ya ƙidaya shekarun, har a wayi gari takardun yarinya suna ƙasan akwati, magana ta bi ruwa.

Karatun likita a jami'o'in ƙasar nan shekara 6 ne. Bayansa akwai shekara guda ta horo a asibiti, sa'an nan shekarar bautar ƙasa, wadda doka ta ɗauke wa wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama. To, yarinyar da ta bar sakandare tana da 18, ta yi shekara 6 tana reno, za ta fara karatu da 24, ta gama da 30. Wa zai ce wannan ta makara?

Hasali ma, in dai sai an dakata, gara a dakata kafin a fara da a dakata a tsakiya. Bayan shekarar farko ɗalibi yakan shiga nazarin sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, kuma a ƙarshensa akwai jarrabawar da ke tankaɗe ɗalibai, wanda ya yi ta faɗuwa a sallame shi. Daga nan sai zagayen ɗakunan majinyata da kwanan asibiti. Mai jego wadda ba ta yi arba'in ba, ko mai shayarwa da ke farkawa sau uku a dare, lalle za ta sha wuya ƙwarai. A gida Arewa akwai kaka da gwaggo da za su karɓi yaro. Amma a nan Kudu, inda iyali ke cikin ɗaki ɗaya ko biyu na haya a Agege ko Sabo, kakar yara kuwa sai an kwana a mota kafin a isa gare ta, wa za a miƙa wa?

Sai dai jinkirin yana da ƙa'idodinsa. Sakamakon WAEC da na NECO ba ya rubewa, amma a tabbata tun yanzu akwai kiredit a Turanci, lissafi, fizik, kemistiri da bayoloji, domin jami'o'i da yawa suna son dukkansu a zama ɗaya ga mai neman likitanci. Sakamakon JAMB kuwa na shekararsa ne kaɗai. Wadda ta ci bana ta zauna a gida, sai ta sake. Gurabe kuma ƙidayayyu ne, gama majalisar da ke kula da aikin likitoci ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, saboda haka ba mai ajiye wa kowa kujera shekara biyar. Wadda ta riga ta sami gurbi sa'an nan ciki ya zo, ta rubuta wa jami'a neman ɗage karatu, kada ta ɓace shiru. Abin da ya fi duka wuya shi ne ilmin kansa: kemistirin da aka bari shekara 6 ba ya dawowa cikin wata biyu. Awa guda kullum bayan yara sun kwanta, da malamin darasi a shekarar ƙarshe, su ne jarin.

Kada kuma a manta da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, 35 na yankin da jami'a take, 20 kuwa na jihohin da ke baya a ilmin zamani, waɗanda yawancinsu na Arewa ne. 'Ya'yanmu da aka haifa a Kudu sukan yi asarar wannan dama don kawai uba bai je gida ya karɓo takarda ba.

Me ya sa muka damu? Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Kowa kuma ya san matanmu da yawa sukan ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsu, don kunyar likita namiji ko don rashin mai jin harshensu. Asibitin koyarwa na Ikko yana Idi-Araba tun 1962, maƙwabcin unguwar Hausawa. Na Badun, wanda aka buɗe a 1957, ba shi da nisa da Sabo. Kullum muna shiga a matsayin majinyata da 'yan dubiya. Yaushe 'ya'yanmu mata za su riƙa shiga da farar riga?

An kuwa gwada an gani. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, wanda ya ba matan karkara, har da matan aure, shekarar share fage kafin shiga makarantun jinya da ungozoma, aka kuma tanadi ɗakunan renon yara. Mata sun shiga, sun kuma gama. Abin da ya yiwu ga ungozoma zai yiwu ga likita.

Saboda haka muna kira ga waliyyai, in an yi alkawarin komawa karatu, a faɗe shi gaban shaidu ranar ɗaurin aure, a kuma ambaci shekarar. Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni su tsaya a kan cika shi. Wakilan jam'iyyarmu a majalisun jihohin Arewa su nemi hukumomin ba da tallafin karatu su ware wa matan aure masu karatun likita wani kaso, har da mazauna Kudu. Maigidan da ƙaramin ɗansa ya shiga makaranta bana kuwa, ya sani a farkon shekara JAMB ta saba fara sayar da fom.