Kafin a cire tamostat, a fara duba waya

Duk matashin da ke jan tsohuwar Corolla ko Golf ya san fargabar ganin allurar zafi tana hawa a cikin cunkoso, musamman a watan Afrilu. Maganin da aka fi ji a gareji shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye. Wannan ɓoye cuta ne kawai, alhali wayar da ke aljihu za ta iya nuna inda matsalar take.

Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket na OBD2 mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Idan aka soka ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, aka buɗe manhaja kamar Torque ko Car Scanner, wayar za ta nuna ainihin zafin ruwan injin. A yawancin motoci, lafiyayyen inji yana aiki tsakanin digiri 85 zuwa 105 a ma'aunin Celsius.

Abin lura shi ne lokacin da lambar ke hawa. In tana hawa a tsaye, ta sauka da zarar an hau babban titi, fanka ce ko fis ɗinta abin tuhuma. In sai an taka mota ko ana hawan tudu take tashi, wataƙila lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. In ta yi sama cikin 'yan mintoci alhali tiyon lagireto na sanyi, tamostat ya maƙale, kuma canza shi ake yi, ba jefarwa ba. Motar da aka cire wa shi tana daɗewa ba ta ɗumama ba, ta ƙara shan mai, injin ya riƙa cinyewa. Sau da yawa lambar P0128 kan tona wannan asiri.

Sai dai waya ba ta ganin yoyo. Idan ruwa ya yi ƙasa sosai, na'urar awon ma tana iya ba da lambar ƙarya. Dole ido ya duba tiyo, da murfin lagireto, da launin baƙin mai. Farin hayaƙi, ko kumfa a cikin ruwa, ko baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara, alamun ƙonewar gaskit ne. Kuma ba a buɗe murfi inji na da zafi, domin tafasasshen ruwa na iya sale fuska.

Manhaja ba za ta maye gurbin bakanike ba. Amma mai motar da ya isa gareji yana cewa zafi ya kai 112 a tsaye kuma fanka ba ta tashi ba, da wuya a sa shi sayen sabon lagireto a kan fis ɗin da ya ƙone.