Darasin Tangjiashan ga Madatsar Ruwa ta Tiga

A Mayun 2008 girgizar ƙasa ta zaftare dutse a lardin Sichuan na ƙasar Sin, ɓaraguzan suka toshe kogi a Tangjiashan. Sojoji suka haƙa magudana, aka kwashe mutane fiye da 200,000 kafin ruwan ya kwarara.

Waccan madatsar rana ɗaya ta samu. Ta Tiga kuwa, mai tare ruwan da ke gangarowa ta Doguwa da Tudun Wada, tana nan tun 1974, kuma ɓallewar ta Bagauda a Agustan 1988 gargaɗi ce. Wajibi ne Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta fayyace wa mutanen Bebeji da maƙwabtansu wanda zai ankarar da su, da tudun da za su nufa.