Filin Mata: Ki San Irin Gashinki

Yau zancenmu na gashi ne. A makon jiya wata ɗalibata ta zo mini da kuka, wai gashinta ba ya tsawo kamar na ƙawarta. Da na duba sai na ga gefen goshinta duk ya zube saboda ƙaramin kitso da ake ja mata da ƙarfi. Gashin nata ba shi da laifi, ba a san irinsa ba ne kawai. Sanin hali kuwa ya fi sanin kama.

Wani mai gyaran gashi na Amurka, Andre Walker, ya kasa gashi kashi 4 a littafin da ya fitar a 1997. Na 1 miƙaƙƙe ne sambal. Na 2 yana da ɗan lanƙwasa kamar harafin S. Na 3 nannaɗe yake zobe-zobe. Na 4 kuwa ya fi kowanne murɗewa, kamar zaren da aka naɗe a tsinke, wani ma sai ya karye-karye kamar harafin Z. Yawancinmu na 4 ɗin nan gare mu.

Ga yadda za ki gane naki. Ki wanke kai, kada ki shafa mai, ki bar shi ya bushe da kansa. Sa'an nan ki ɗauki sili ɗaya ki duba. Kada ki yi mamaki in kin sami iri biyu a kai ɗaya, ana yin haka. In kin ja silin ya miƙe, kin saki ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka, to ba gajere ba ne, murɗewa ce ta ɓoye tsawon. Gashi ya kan ƙaru da kamar santimita 1 a wata, naki da nata duka.

Abin lura shi ne, fatar kai tana fitar da mai nata na kanta. A miƙaƙƙen gashi man ya kan gangara har ƙarshe, amma a murɗaɗɗe sai ya maƙale a hanya. Shi ya sa namu ya kan bushe ya karye. Maganinsa ruwa ne tukuna, sa'an nan mai ya biyo baya don ya riƙe danshin. Man kaɗanya ya isa, ba sai an kashe kuɗi ba. Karkashin da iyayenmu ke wanke kai da shi kuma yana sa gashi santsi a taje shi ba wahala.

Kada ki taje gashi a bushe. Ki jiƙa shi, ki raba shi kashi huɗu, ki fara warwarewa da yatsu, sa'an nan mataji mai manyan haƙora, daga ƙarshe zuwa tushe. Da dare ki ɗaura kallabi mai santsi.

Iyaye, ina roƙonku. In yarinya ta ce kitso yana mata zafi, ko kika ga ƙuraje a gefen kai, a sassauta ko a tsefe. Jan nan in ya daɗe ya kan kashe tushen gashi, ba ya sake tsirowa. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.